Fitilar Rana A Goshin Mota

Jama'a, sau da yawa akan ga mota tafe da rana tsaka, fararen fitilu biyu na ci a goshinta, har wani ya ɗaga wa direban hannu, a zatonsa mantuwa ya yi. To, da gangan aka yi su haka. Fitilar rana ke nan, kuma aikinta guda ne: masu tahowa da masu ƙetare titi su hango motar tun daga nesa. Haska wa direba hanya ba ya cikin aikinta.

Ƙasashen arewacin Turai, inda hasken rana ke da rauni da hunturu, su suka fara. Finlan ta wajabta kunna wuta da rana a hanyoyin karkara lokacin sanyi a 1972, Suwidin ta mai da shi doka ta dukan shekara a 1977. Tun daga 2011 kuwa Tarayyar Turai ta tilasta sa wannan fitila a sababbin samfuran ƙananan motoci. Motocin zamani da yawa da ake shigowa da su nan ƙasar suna zuwa da ita.

Wanda motarsa ba ta da ita, kuma yana son ya sa, lalle ne ya lura da kyau, domin kasuwa cike take da fitilun ado waɗanda ba su da wani amfani sai ƙawa. Ta gaskiya fara ce. Shuɗi da ja a bar wa motocin 'yan sanda da na asibiti. A duba jikin gilashinta, za a ga harafin E cikin da'ira tare da haruffan RL, watau shaidar an gwada ta. Ƙa'idar ita ce ƙarfin haskenta ya kasance tsakanin kandela 400 da 1,200. Wadda ta gaza haka rana za ta shanye ta, wadda ta zarce kuwa sai ta kashe wa mai tahowa ido. A ɗaura guda biyu, dama da hagu, kada su yi ƙasa da santimita 25 daga ƙasa. A kai wa ƙwararren mai haɗa wayar mota, ya sa mata fis, ya haɗa ta yadda za ta kama da tashin inji, ta mutu ko ta rage haske da zarar an kunna manyan fitilu.

Saura babban haɗarin. A motoci da yawa, in fitilar rana kaɗai ke ci, danjar baya a mace take. Direba ya ga haske a gabansa, allon mota ma ya haska, sai ya ɗauka komai daidai ne, alhali mai babbar mota da ke biye da shi ba ya ganinsa. Saboda haka in hazo ya sauko, ko ana ruwa, ko magariba ta gabato, tilas direba ya miƙa hannu ya kunna manyan fitilunsa da kansa.