Babur Ɗin Da Na Haɗa A Gidan Dare: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara Na Ƙungiya

 

Da sakatare ya ce in yi magana, na zaci kan aikin gwamnati yake nufi. Sai ya ce a'a, kowa ya gaji da labarin fayil, labarin baƙin babur ɗin nan da nake zuwa ofis da shi ake son ji. To, ga shi.

A ranar 29 ga watan Mayu na shekarar da ba za mu manta ba, wato 2023, aka ba da sanarwar janye tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500. Na jingine tsohuwar motata, na koma hawa kabu-kabu daga Gidan Dare zuwa ofis. Da na yi lissafi bayan wata biyu, sai na ga kuɗin ya kusa cinye rabin abin cefane, sabon babur kuwa ya fi ƙarfin albashina. Sai na sayi gangar jikin tsohuwar Honda CG125 wadda injinta ya mutu, na samo injin ɗan Sin na hannu irin wanda aka kwaikwaya daga nata, mai walda ya gyara mazaunin inji da sirdi, na fesa baƙin fenti har shafi uku. Ku riƙe maganar fentin nan, za mu dawo kanta. Wanda duk zai yi irin wannan haɗi, ya karɓi rasit mai lambar inji da lambar gangar jiki, don ranar da za a tsayar da shi a hanya.

Wayarin kuwa na ce ni zan yi da hannuna. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975 domin ƙasashe irin namu, kuma launin wayoyinsa yawancin masu kwaikwayo suka bi. Ja daga batir take fitowa. Baƙa tana ɗaukar wuta bayan an murɗa makulli. Kore ita ce hanyar da wuta ke komawa gida. Rawaya ta fitila ce, tana fitowa daga kwayil ɗin cikin inji. Akwai kuma baƙa mai ratsin fari, wadda aikinta kashe inji. Na zana duk wannan a bayan tsohuwar kalanda, na liƙa a bangon zaure. Na buga kik sau biyu inji ya tashi, yara suka yi ta tsalle. Ranar ji nake babu injiniya kamata a Sakkwato.

Murnar ba ta kwana uku ba. Da na ja mai da dare sai fitilar gaba ta yi fari fat, ta mutu. Na sa wani kwai, shi ma haka. Sai da na ƙona huɗu. Na zargi mai shago da sayar mini da jabu, na yi masa faɗan da har yau nake jin kunyarsa. Wani ya ce rektifaya ce, na sayi sabuwa, ba ta canza zane ba. Ga wani abin mamaki: in na taka birki sai fitilar sigina ta ɗan yi ja-ja kamar garwashi.

A nan ne na tuna malaminmu na Fiziks, wanda nake hangowa a sahun gaba. Malam, ka sha gaya mana cewa wuta ba ta tafiya sai ta san hanyar dawowa, mu kuwa muna baya muna gyangyaɗi saboda zafin bayan azahar. Na ari mita wurin wani mai gyaran rediyo, na auna tsakanin koren waya da jikin inji. Kamata ya yi allura ta nuna kusan sifiri, sai na ga hanya a toshe. Ashe fentin da nake taƙama da shi ne ya shiga tsakanin waya da ƙarfe. Aikin rektifaya shi ne ta zubar da rarar wuta ta wannan hanya idan inji ya ɗauki gudu. Da ta rasa inda za ta zubar, sai duk ta tafi kan kwan fitila. Wutar birki ita ma da ta rasa hanyarta, sai ta ratsa ta cikin kwan sigina tana neman mafita. Na sa sanfefa na kankare wurin noti har ƙarfe ya yi ƙyalli, na ƙara waya mai kauri daga inji zuwa gangar jiki zuwa batir. Da inji na aiki mita ta nuna bolt 14 da ɗan kai a kan batir, daidai yadda ake so. Kwan da na sa ranar shi ne a kai har yanzu.

Na biyun shi ne wanda ya kusa zama abin kuka, kuma laifina ne. Fiyus ya riƙa ƙonewa, musamman in na karya kan babur zuwa hagu. Wani mai ba da shawara a bakin titi ya ce fiyus na yanzu ba su da ƙwari, in naɗa silin waya a gurbinsa kowa haka yake yi. Na bi. Alhali lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji uku ba: kwai mai wat 35 a kan bolt 12 bai cika amfiya 3 ba, to me zai ƙona fiyus mai amfiya 15 in ba waya ce ke taɓa ƙarfe ba? Fiyus ɗin gaskiya yake faɗa mini, ni kuma na toshe masa baki.

Wani dare cikin watan Afrilu na 2024, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, na ɗauko 'yata daga gidan kakarta, tana zaune a gabana kan tanki. Muna dab da gida ta ce, "Baba, ƙafata zafi." Na duba, sai hayaƙi ke fitowa daga ƙarƙashin tanki, ga warin roba. Na sauke ta, na fizge wayar batir da hannu, tabon yana nan a yatsana. Da gari ya waye na cire tanki, na tarar jar waya ta goge a wuyan babur inda kai ke juyawa, ta narke tun daga can har batir, tazararta da tiyon mai bai kai faɗin yatsa biyu ba. Na daɗe zaune a zaure ban ce komai ba. Uwargida kuwa ta ce abin da ta ce, kuma tana da gaskiya.

Na sake wayarin gaba ɗaya. Kowane haɗi na kama shi da dalma maimakon murɗawa da salatif, domin zafinmu yana narkar da gam ɗin salatif ya saki. Na sa wayoyin wuya cikin tiyo, na bar musu sarari su juya, na dasa fiyus dab da batir. Daga baya inji ya riƙa mutuwa a kan gargada, amma wannan bai ɗauke ni minti 20 ba: baƙa mai ratsin fari ce ta sami rauni, da ta taɓa ƙarfe sai ta kashe wutar fulogi kamar an murɗa makulli.

Shugaba, ina da roƙo ɗaya. Da na zagaya makaranta ɗazu, na leƙa ɗakin koyon sana'a inda muka yi darasin fasaha a ƙananan azuzuwa, na tarar an tara karyayyun kujeru a ciki. Ina ba da shawara cikin kuɗin da za mu tara bana a sayi mita goma, da na'urar dalma, da mataccen babur ɗaya da yara za su riƙa kwancewa suna ɗaurawa. Ni na ɗauki nauyin mita biyu, kuma zan riƙa zuwa ran Asabar ɗaya a wata idan shugaban makaranta ya amince.

Babur ɗin yana waje gindin dogon yaro, wanda ke so ya duba bayan an tashi. Sai dai kada a danna hon, don har yanzu kukan ɗan akuya yake yi, ban gano dalili ba tukuna. Malam, ko za ka duba mini?