Ina Makullin Ceton Kwamfutarka?



Kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu suna da tsarin kulle faifan ajiya: BitLocker a Windows, FileVault a Mac. Tsarin yana mayar da duk abin da ke ciki rubutun sirri, ta yadda ko ɓarawo ya zare faifan ya saka a wata na'ura, ba abin da zai iya karantawa. Ga likita da lauya da ɗan jarida, wannan babbar kariya ce.

Sai dai kwaɗo bai san mai gida ba. BitLocker yana da makullin ceto mai lambobi 48, rukuni takwas, shida-shida. Mai gyara ya canza babban allon cikin kwamfutar, ko a taɓa saitin BIOS, sai shuɗin allo ya fito yana neman lambobin nan. In ba ka da su, ko kamfanin Microsoft ba zai iya buɗe maka ba. Aikin digiri, lissafin shago, hotunan iyali, duk sun tafi.

A ranar 19 ga Yuli, 2024, wata sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a duniya. Gyaran ba wuya, amma a kwamfutar da ke da BitLocker sai da makullin ceto; wasu ma'aikatu suka maƙale, saboda makullansu na cikin na'urar da ita ma ta tsaya.

Don Allah, yau ɗin nan, shiga asusunka na Microsoft ka duba ko makullin yana nan. Buga shi a takarda, ka adana tare da takardun gida, ba a jakar kwamfutar ba. A ofis kuwa, kada a bar makullan a hannun ma'aikaci ɗaya, domin gobe yana iya barin aiki.