Gasar Jifa da Saba a Jamus

A garin Rust da ke kudancin Jamus akwai wurin shaƙatawa mai suna Europa-Park. Can ne ake gudanar da taron CloudFest, inda kamfanonin da ke ba shafukan intanet masauki suke haɗuwa duk shekara.

A watan Maris na 2024 aka ga abin mamaki a wurin: gasar duniya ta jifa da saba, wato babbar kwamfutar nan da ke riƙe da shafuka dare da rana. Injiniya zai naɗe hannun riga, ya sunkuci na'urar, ya ja da baya, ya wurga ta iya ƙarfinsa, 'yan kallo na ta sowa. Wanda tasa ta fi nisa shi ne gwani. A Holan aka faro wannan wasa, kuma duk wanda saba ta taɓa tayar da shi daga barci da tsakar dare ya san daɗin huce haushi.

A wasu tarukan kuwa, da gangan kamfani kan lalata saba, ya kunna agogo, ya ce a gyara. Wannan gasar ta fi amfani, domin da ita kamfanoni ke gano ƙwararrun da za su ɗauka aiki.