TSOHO BA ƘUNSHIN SHINKAFA KAƊAI YAKE JIRA BA

Taƙaitaccen jawabin da wani malamin Islamiyya ya gabatar ga matasa a Ƙaura Namoda, a kan ziyartar tsofaffi da faranta masu rai a lokutan bukukuwan shekara.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malam ya fara da tambayar matasan da suka halarta, waɗanda wasunsu daga Shinkafi da Zurmi suka zo, ko akwai wanda ya san inda tsofaffin unguwarsu suka wuni ranar Sallar da ta wuce. Wuri ya yi tsit. Sai ya ce to a kan wannan shirun ne zai yi magana.

Malam ya yi bayanin cewa a ƙasar Hausa ba a saba kai tsoho gidan gajiyayyu ba, irin waɗannan gidaje sai a manyan birane, kamar na Shahuci da ke Kano. Tsoho a cikin iyalinsa yake tsufa, yana da zaurensa, da inuwar da yake zama, da jikokin da ke kewaye da shi. Amma tun wajen 2011 da ta'asar 'yan bindiga ta kunno kai a Zamfara, ƙauyuka da dama sun watse, tsofaffi sun tsinci kansu a azuzuwan firamare, da kangaye, da ɗakunan aro a gidajen dangi. Ya ce waɗannan wurare su ne gidajen gajiyayyun wannan yanki, ko da kuwa ba a kafa masu allo ba.

Ya ƙara da cewa mutumin da ya bar ƙauyensu yana ɗan shekara 75 ba gona da rumbu kaɗai ya rasa ba. Ya rasa sahun da yake tsayawa a masallaci, da abokan hirarsa, da matsayinsa na wanda ake kai wa ƙara idan an saɓa. Ya tuna wa 'yan'uwa watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako da layukan waya na wani lokaci a jihar, ya ce saurayi ya sami abin yi a waɗannan kwanaki, amma tsohon da kasuwa ce wurin ganin tsaransa sai ya koma zaman tagumi.

A JE MASU, KADA A TARA SU A RANA

Daga nan sai Malam ya kawo abin da ya faru ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, lokacin da Sayyidina Abubakar ya jawo hannun mahaifinsa Abu Ƙuhafa, tsoho tukuf wanda idonsa ya tafi, ya kawo shi gaban Manzo (S). Manzo ya nuna masa cewa da ya bar dattijon a gida, da shi da kansa zai je ya same shi. Malam ya ce wannan shi ne ma'auni. Ya yi tir da al'adar tara tsofaffi a fili cikin rana tun hantsi, a yi ta jawabai, a miƙa masu leda a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Ya ce wannan tozartawa ce da aka sa wa rigar taimako, kuma duk wanda ya karanta aya ta 23 da ta 24 ta Suratul Isra'i ya san irin tausasawar da aka yi umurni da ita ga wanda tsufa ya kama.

Ya ce abinci wajibi ne, babu mai musun haka, amma tsoho yana son ya ji cewa har yanzu ana buƙatarsa. Saboda haka kowane shiri za a yi, a tabbata an ba tsofaffi abin da su ne za su bayar a cikinsa. Sai ya bi lokutan shekara ɗaya bayan ɗaya.

AZUMI DA ƘARAMAR SALLAH

Game da azumi, Malam ya ba da shawarar matasa su kasu uku-uku ko huɗu-huɗu, kowane rukuni ya riƙe tsofaffi ƙalilan, su riƙa zuwa su sha ruwa tare da su a tabarma guda maimakon a aika yaro da kwano. A kai abin da bakin da ba haƙora zai iya, kamar kunun tsamiya, da ƙosai mai laushi, da fura, da dabinon da aka jiƙa. A kunna masu tafsiri a rediyo, a bar tsoho ya yi addu'ar rufewa. Idan goma ga wata ta yi, a kawo yara su yi masu tashe mai tsabta, a kuma roƙi tsofaffin su gyara masu, domin sun fi kowa sanin yadda ake yinsa.

Ya ja kunnen 'yan'uwa cewa azumin 2024 da na 2025 cikin zafin Maris suka faɗo, kuma akwai tsofaffi masu ciwon suga da hawan jini da ke tilasta wa kansu azumi don jin kunya. Shari'a ta yi rangwame ga tsohon da ba ya iyawa, sai a fahimtar da shi cikin ladabi, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya ya duba shi.

Jajibirin Sallah kuwa ranar wanki ce da aski da yankan farce ga maza, 'yan'uwa mata kuma su je da lalle su yi wa tsofaffin mata kitso. Wanda ke iya fita a nema masa abin hawa zuwa Idi, wanda ba ya iyawa a kai masa Sallah har ɗaki. A nan Malam ya kawo wata dabara da ta sa wuri ya ɗauki murmushi: a ba tsoho alewa da 'yan canji a ɓoye tun da safe, domin idan yara sun zo barka da Sallah shi ne zai miƙa masu da hannunsa. Ya ce babu abin da ke karya zuciyar dattijo irin yaro ya durƙusa ya gaishe shi ranar Sallah, shi kuma aljihunsa wayam.

BABBAR SALLAH DA MAULUDI

A Babbar Sallah, Malam ya ce sau da yawa ana aika wa tsoho soyayyen nama mai tauri, ya ƙare da kallo. A yi masa dambu, ko farfesu, ko romo. A kuma ɗora wani dattijo a kan rabon naman unguwa, tunda ya san gidan da ake kwana da yunwa ba a faɗa. A watan Mauludi kuma a nemo tsofaffin da suka haddace Ishiriniya su ja baki, da tsofaffin matan da suka riƙe waƙoƙin wa'azi irin waɗanda Nana Asma'u ta koyar ta hannun 'yan taru, su biya wa 'yan mata.

KAKA DA HUNTURU

Lokacin kaka, in ji Malam, shi ne mafi ciwo ga manomin da aka raba da gonarsa. A saya masu kaba da rama da auduga, tsoho ya tufka igiya ya saƙa tabarma, tsohuwa ta yi kaɗi ta ɗinka faifai, matasa su kai kasuwa su dawo masu da kuɗinsu cif. Da hunturu kuwa, bayan bargo da man kaɗanya, a hura wuta a tsakar gida a yi dara ba tare da caca ba, a yi tatsuniya da kacici-kacici, a bar wasan jika da kaka ya yi aikinsa. Ya gargaɗe su kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa yana kisa.

Ya kuma buƙaci masu waya su naɗi hirar tsofaffi da izininsu. Ɗan shekara 80 a yau ya ga tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, wadda layinta ya iso a 1929, tana lodin gyaɗa da auduga. Ya ga canjin fam zuwa naira da farin 1973. Ya zauna a Lardin Sakkwato, da Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, da Jihar Sakkwato daga 1976, da Zamfara daga 1996. Ya san iyakokin gonakin ƙauyensu da sunayen kakanni. Malam ya ce idan zaman lafiya ya dawo, da yardar Allah, wannan sani ne za a nema wajen raba gardamar gona da gado, kuma idan an binne shi ba a naɗa ba, shi ke nan.

Da ya juya kan tsaro, ya ce a yi komai da rana a tashi kafin almuru, a sanar da mai unguwa, kada a shelanta rana da wuri, kada kuma a sa fuskar kowa a intanet. Ya ce Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990 ta ware 1 ga Oktoba don tunawa da tsofaffi, amma wanda ke ganinsu sau biyar a hanyar masallaci ba shi da uzurin jiran rana ɗaya a shekara.

Daga ƙarshe Malam ya nemi kowane ɗan'uwa, kafin Juma'a mai zuwa, ya rubuto sunayen tsofaffi uku na unguwarsu waɗanda ba su da mai leƙa su, ya kuma je ya gaida ɗaya daga cikinsu ko da hannu rabbana. Ya ce wanda ya ga furfura a kan wani ya shafa nasa kan. Aka rufe da addu'ar Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.