Ranar da na fara harba sabuwar bindigata

Yau labarin nawa ne da kaina, don wani mai saurare ya tambaye ni yadda ake "buɗe" sabuwar ƙaramar bindiga, irin mai juyi ɗin nan ta fina-finan Amurka.

To ɗan'uwa, bari in fara da wannan: a dokar makamai ta Najeriya ta 1959, ƙaramar bindiga tana cikin waɗanda aka haramta, sai da izinin shugaban ƙasa. Mai baki biyu ta farauta lasisinta yana hannun Sufeto Janar, ita kuwa bindigar gargajiya da ake ɗurawa ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha ne. Don haka ni ban taɓa riƙe mai juyi ba. Abin da na riƙe baushe ce, harba-ka-ruga.

Ni mutumin Kanya ne, ƙasar Zuru, ƙaramar hukumar Danko-Wasagu. Noma nake, dawa da masara. Har na kai shekara arba'in ban taɓa sha'awar bindiga ba. Amma duk wanda yake nan a watan Maris na 2022 ya san abin da muka gani: 'yan sa-kai da yawa suka mutu a kwanton ɓauna, bayan kwana biyu kuma aka far wa garinmu ranar da mataimakin gwamna Sama'ila Yombe ya zo, aka kashe sojoji da 'yan sanda. Bayan nan ne na je wajen hukuma, na bi ƙa'ida, na mallaki tawa.

Da na kawo ta gida, wallahi ji nake kamar ango. Na so in fita bayan gari in gwada ta a kafaɗata nan take. Kawuna, tsohon soja ne, kun san ƙasar Zuru ba gidan da babu soja, ya ce, "Kai yaro, wa ya ce maka ƙarfen nan ya yarda da kai?"

Ya karɓa, ya duba bututun ciki da waje, ya goge man da ke ciki tas, ya taɓa kunamar ya ji ko tana da sanyi. Sannan muka tafi can bayan gona, inda akwai wani babban suri da zai tare harsashi, ba hanyar mutane ba ta shanu. Ya ɗaure bindigar a gindin ɗorawa, ya sa doguwar igiya a kunama, muka koma bayan wata bishiya. Dalilinsa: bututun da maƙeri ya haɗa ba a gwada shi a masana'anta ba, in zai fashe, gara ya fashe a jikin icce.

Na farko, tas! Hayaƙi ya tashi, tsuntsaye suka watse. Ya je ya shafa bututun da hannu yana neman tsaga ko kumburi. Babu.

Na biyun ne nake so ku ji. Na ja igiya, sai "ƙyas", shiru. Ni kuma sabon shiga, sai na zabura zan je in ga me ya faru. Kawu ya damƙo wuyan rigata har ta yage. Ban gama cewa "Kawu lafiya?" ba sai ga ta ta tashi da kanta. Albarushin ne ya ɗan sha danshi, wutar tana ci a hankali. Da na isa wajen, da fuskata ce a bakinta. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa.

Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi in ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon suri, a ƙirga sittin kafin a taɓa. Ya ƙara da cewa kada in kuskura in farke harsashin zamani in zuba garinsa a ciki, ƙarfinsa ya fi bututun. Ya san mutumin da ya rasa yatsu uku a haka.

Sai a rana ta uku ya bar ni na ɗora ta a kafaɗa. Ta buge ni, sati guda ina shafa man zafi. Yanzu tana rataye can sama a ɗakina ba komai a cikinta, albarushin kuma yana akwatin da makullinsa ke aljihuna, saboda ƙaramin ɗana ya fara hawa kujera.

A kashi na gaba za mu yi maganar kuɗin taki. Sai mun haɗu.