Man Zurma: Hajar da ke Tsirowa a Bayan Gida

 

Yau za mu yi magana ne a kan zurma, wadda wasu ke kira cika-gida. Daga Katsina har Maraɗi tana fitowa da kanta a bola da bakin rafi, muna sarewa muna jefarwa. Alhali kusan rabin nauyin ƙwayarta mai ne. Indiya ce kan gaba a duniya wajen nomanta, musamman jihar Gujarat, kuma mafi yawan man da ke yawo a kasuwannin duniya daga can yake fitowa.

Mai ne mai kauri da yauƙi, yana hana fata bushewa, yana sa gashi laushi da sheƙi. Shi ya sa kamfanoni ke zuba shi a jan-baki da sabulu da man kitso. Akwai farin da ake matsewa ba a soya ƙwayar ba, akwai baƙin da ake soyawa a daka a dafa, irin wanda Jamaika ta yi suna da shi.

To, ga jan hankali uku. Na farko, ƙwayar zurma da tunkuzarta suna da dafi mai kisa. Kada a ajiye su kusa da yara, ko a loda su mota ɗaya da gyaɗa da riɗi, ko a ba dabba. Na biyu, kada mu saje ta da bini-da-zugu, ko mu tsinka man da wani mai don ya yi auki. Na uku, kada mu yi wa mai saye alkawarin zai tsirar da gashi a sanƙo. Likitoci ba su tabbatar da haka ba. Wanda zai ɗura a kwalba ya sayar a Najeriya, ya nemi rajistar NAFDAC tukuna.

Kwalba ɗaya ta jabu a Jibiya tana iya ɓata sunanmu har Damagaram. Jarin bafatake amana ce, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.