Cramond: Ƙauyen da Ƙafa ke Ratsa Teku

A gefen birnin Edinbara na Sikotilan akwai wani tsohon ƙauye mai suna Cramond, inda kogin Almond ke faɗawa teku. Rumawa sun kafa sansanin soja a wurin wajajen shekara ta 140 miladiyya, kuma a 1997 aka tsamo gunkin zakanya na zamaninsu daga cikin kogin.

Abin da ya fi burge ni shi ne bas ɗin haya na cikin gari ke kai mutum. Ba sai mai mota ba. Ɗalibi da tsoho da mai goyo, kowa na iya sauka ya bi gaɓar kogi ƙarƙashin itatuwa, ya wuce kufan tsofaffin masana'antun ƙarfe.

Sai tsibirin da ke gaban ƙauyen. Idan ruwa ya janye, hanya kan bayyana, kusan mil guda, a taka da ƙafa. Amma teku ba ya jiran kowa. Sau da yawa sai jirgin ceto ya kwaso waɗanda suka makara. Duk mai niyyar zuwa, don Allah ya karanta jadawalin cikar ruwa da aka kafe a bakin hanyar kafin ya tsallaka.